Babi na Biyar: Lauyan da Aka Danƙa wa NEPA

Duk lokacin da aka naɗa sabon ministan wutar lantarki a Najeriya, tambayar da ake yi a teburin mai shayi da bakin kasuwa ba ta canzawa: shi kuma wannan me ya sani game da wuta? In aka ce lauya ne, sai a girgiza kai. Ga injiniyoyi birjik a ƙasa, me zai sa a ɗauko mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin kotu da dandalin siyasa, a ce ya gyara abin da ya gagari masu sana'ar?

Tambaya ce mai ma'ana. Hanya mafi sauƙi ta amsa ta kuwa ita ce mu bi sawun mutum guda, wanda aka fara danƙa wa wannan ma'aikata bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, wato Cif Bola Ige. Lauya ne, tsohon gwamna ne, marubuci ne a jarida, kuma a zamaninsa da wuya a samu wanda ya fi shi iya magana a siyasar ƙasar nan.

Yaron Kaduna

An haifi Bola Ige a 1930. Iyayensa Yarbawa ne 'yan garin Esa-Oke da ke Jihar Osun ta yau, amma a Kaduna ya yi ƙuruciyarsa, cikin 'ya'yan Hausawa da sauran ƙabilun da aiki ya tara a garin. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da ya zo rubuta tarihin yarintarsa ma, sunan da ya ba littafin ke nan, Kaduna Boy. Karatun sakandare ne ya kai shi Ibadan, a can kuma ya shiga jami'a ya karanta Latin da Girkanci, sannan ya wuce Landan ya karanta shari'a. A 1961 ya zama cikakken lauya ya buɗe ofishinsa, daga baya ya kai matsayin SAN, ƙololuwar daraja a aikin lauya a Najeriya.

A siyasa almajirin Obafemi Awolowo ne. Yana cikin matasan jam'iyyar Action Group da aka taƙaita wa zirga-zirga lokacin dokar ta-ɓaci ta 1962 a Jihar Yamma. Ya yi kwamishina a zamanin soja, sannan a 1979 ya ci zaɓen gwamnan tsohuwar Jihar Oyo a ƙarƙashin UPN, inda ya aiwatar da shirin jam'iyyar na ilimi kyauta. Ya faɗi zaɓen 1983 a hannun Omololu Olunloyo na NPN. Watanni kaɗan bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, shi ma ya shiga sahun gwamnonin da aka ɗaure, sai bayan Janar Babangida ya karɓi mulki ya fito.

Alƙalami da baki

Abin da ya raba Ige da sauran tsofaffin gwamnoni shi ne bai koma gida ya yi shiru ba. Ya koma kotu, ya kuma riƙe shafi na mako-mako a jaridar Sunday Tribune. Mutanensa suna kiransa Sisaro na Esa-Oke, suna kwatanta shi da fitaccen lauyan nan mai fasahar magana na tsohuwar daular Rum.

Zamanin Janar Abacha ne ya fi fito da wannan baiwa. Da aka yi wa jam'iyyu biyar rajista, Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu. Magana ce gajera da ta zagaye ƙasa, kuma lokaci ya gaskata shi, domin a Afrilun 1998 dukkan jam'iyyun biyar suka tsayar da Abacha ɗan takararsu. Shi ne kuma ya yayata matsayar nan ta a zauna a zuba ido, kada a shiga shirin miƙa mulkin da an riga an san inda zai ƙare. Bayan zanga-zangar da aka yi a Ibadan a watan Mayun 1998 aka kama shi, bai fito ba sai da Janar Abdulsalami Abubakar ya hau.

Amma bakin da ya ɗaga shi ya kuma jawo masa baƙin jini. A Arewa mutane da yawa ba su manta da zafin wasu kalamansa ba, musamman zargin da aka yi masa na kwatanta Fulani da 'yan Tutsi na Ruwanda, a shekarun da jinin kisan ƙare-dangin can bai bushe ba. Mai jin Hausa irinsa, wanda ya sha ruwan Kaduna, ya fi kowa sanin nauyin irin wannan magana. Duk wanda zai yi masa adalci dole ya ajiye wannan kusa da jarumtarsa a gaban Abacha.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga zancenmu saboda dalili ɗaya. Mutumin da ya shekara kusan arba'in yana ganin kalma tana aiki, tana cin shari'a, tana girgiza gwamnati, ba abin mamaki ba ne in ya shiga ofis yana zaton ƙudiri da furuci za su motsa komai.

Abin da ya tarar

A 1999 Ige ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar AD, dattawan jam'iyyar suka zaɓi Olu Falae. Da Obasanjo na PDP ya ci zaɓe, sai ya gayyato tsohon abokinsa cikin gwamnati, ya ba shi ma'aikatar wuta da ƙarafa. Da yawa daga abokan tafiyarsa a ƙungiyar Yarbawa ta Afenifere ba su so ya karɓa ba. Ya karɓa.

Hukumar wutar lantarki ta NEPA da ya tarar an kafa ta ne a 1972, da aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja. A takarda, tashoshinta za su iya ba da megawat kusan 6,000. A zahiri abin da ke fitowa bai kai 2,000 ba, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Daga cikin injinan samar da wuta 79, guda 19 kacal ke aiki. Tun da aka buɗe madatsar Shiroro a 1990 ba a ƙara gina sabuwar tasha ba. Kainji tun 1968 take juyawa, Jebba da Egbin kuwa 'yan shekarun 1980 ne, kuma yawancin injinan an daɗe da wuce lokacin da ya kamata a kwance su a yi musu babban gyara.

Waɗannan alƙaluma suna da fuska. Mai walda ne da zai buɗe shago da safe ya zauna har azahar yana jiran a kawo wuta. Mai injin niƙa ne da ya koma dizal, ya ƙara wa matan unguwa kuɗin niƙa. Tela ne a daren sallah da fitilar aci-bal-bal. Ga manyan masana'antu kuma, masaƙun Kakuri a Kaduna da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, kowanne ya zama ƙaramar NEPA ta kansa, yana ƙona baƙin mai da dizal, yana gasa da atamfar da aka saƙa a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Wuta ba ita kaɗai ta kashe masaƙun nan ba, akwai fasa-ƙwauri da tsadar kayan aiki, amma tana sahun gaba. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957 a garin da Ige ya tashi, ta rufe a 2002.

Wata shida

A cikin wannan hali ne sabon minista ya yi alkawarin da har yau ake tuna shi da shi: cikin wata shida 'yan Najeriya za su ga bayan wannan matsala. Jama'a suka yarda, domin mai maganar ba a san shi da wasa ba.

Don a gane dalilin da wata shida ba za su isa ba, a ɗauki misalin tumatirin Kadawa da ake kaiwa Legas. Akwai manomi, akwai mai babbar mota da hanyar da zai bi, akwai kuma dillali da 'yan kiri a kasuwa. In gona ta yi albarka amma hanya ta karye, tumatir ya ruɓe a mota. In hanya lafiya amma dillali ya sayar bai dawo da kuɗi ba, baɗi manomi ba shi da na taki. Haka wuta take. Tashar da ke samar da ita ce gona, manyan layukan da ke kan dogayen turaku su ne hanya, taransifomar unguwa da mita da mai karɓar kuɗi su ne kasuwa. Ta ma fi tumatir rashin haƙuri, domin a tsarin da muke da shi ba a ajiye ta: a daidai lokacin da aka samar da ita ake shanta.

A 1999 duka ukun a lalace suke. Injinan tashoshi na buƙatar kayan gyara da sai an yi oda daga ƙasashen waje, a jira watanni kafin a ƙera, a yi jigila, a zo a ɗaura. Tashoshin da ke amfani da iskar gas sun dogara da bututu da farashin gas, waɗanda ba a hannun ministan wuta suke ba. Na ruwa kuma sun dogara da damina. Da rani ya tsananta sai ruwan Kainji da Shiroro ya ja baya. Manyan layuka sun tsufa kuma ba su da mataimaki, ta yadda in guda ya faɗi sai yanki guda ya shiga duhu. Arewa ta fi kowa shan wannan, domin tana can ƙarshen layi, nesa da tashoshin gas na Kudu. A ɓangaren kasuwa kuwa, wuta mai yawa tana salwanta a hanya ko a sace ta, gidaje da dama ba su da mita sai kuɗin ƙiyasi, ma'aikatun gwamnati da barikoki suna cikin manyan masu cin bashi, kuma farashin da aka ƙayyade bai kai kuɗin da ake kashewa ba.

Ko sabuwar tasha aka ce za a gina, lissafin shekaru ake yi. Kainji ta ɗauki shekara huɗu. Madatsar Zungeru mai megawat 700 an fara ta a 2013, ba a kammala ba sai bayan shekara goma.

Mutane da yawa, a lokacin da kuma yanzu, suna cewa zagon ƙasa aka yi wa Ige: ma'aikatan cikin gida da ke cin moriyar ruɓewar hukumar, da 'yan kasuwar da ke shigo da janareta. Ban musa cewa akwai masu cin riba da duhu ba, kuma cin hanci a NEPA ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ko da an wayi gari duk ma'aikatan sun zama waliyyai, inji 60 da ke kwance ba za su tashi cikin wata shida ba. Kuskuren Ige shi ne ya ɗauki ciwon da ya shekara goma yana cin jiki a matsayin matsalar rashin jajircewar shugabanci kawai. Alkawari kaya ne, wannan kuwa ya fi ƙarfin kowane minista.

A watan Maris na 2000 wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin ƙasa. Shugaba Obasanjo ya rushe hukumar gudanarwar NEPA, ya kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Liyel Imoke wanda zai riƙa kai rahoto gare shi kai tsaye, aka kuma sa sabon buri na megawat 4,000 kafin ƙarshen 2001. A cikin shekarar 2000 ɗin aka mayar da Ige ma'aikatar shari'a, Olusegun Agagu ya gaje shi. Zamansa a ma'aikatar wuta bai wuce shekara guda ba.

Inda lauya ke da aiki

To, ashe masu shan shayi sun yi gaskiya ke nan, da injiniya aka ba? A nan ne nake ganin amsar ba ta da sauƙi haka. An gwada injiniyoyi. Farfesa Barth Nnaji, wanda duniya ta san shi a fannin, ya riƙe ma'aikatar daga 2011 zuwa 2012, wasu injiniyoyin ma sun biyo baya, amma har yau wutar da ke isa ga jama'a tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000 a yawancin ranaku. Minista ba ya riƙe sifana. Aikinsa shi ne tsara wa zai zuba kuɗi, wa zai saya, a kan wane farashi, wa zai hukunta wanda ya saɓa. Duk waɗannan kuwa tambayoyin doka ne da yarjejeniya.

Ga misali daga lokacin Ige kansa. A 1999 gwamnatin Jihar Legas ƙarƙashin Bola Tinubu ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Enron na Amurka don a kawo injinan wuta a kan jiragen ruwa a girke su kusa da Egbin. Ta fuskar injiniya aikin ba shi da wuya. Abin da ya jawo jinkiri da jayayya shi ne: wa ke da ikon saye? Layin da wutar za ta bi na NEPA ne, masu biyan kuɗi abokan cinikin NEPA ne, to in ba a biya ba wa zai ɗauki asara? Ba wata hukuma mai zaman kanta da za ta raba gardama, domin NEPA ita ce mai gona, ita ce mai mota, ita ce dillali. Tsarin mulkin 1999 kuma ya taƙaita ikon jihohi ga wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Sai a 2001 wutar ta fara fitowa, a hannun wani kamfanin, AES. Wannan ƙulli na tsarin mulki ba a kwance shi ba sai a Maris na 2023, da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi damar samar da wuta da raba ta a ko'ina cikin iyakarsu.

Ke nan ba laifi ba ne a ba lauya wannan kujera. Abin takaicin shi ne lauyan da aka ba, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa iya rubuta doka a ƙasar, an auna shi ne da awon da shi ya kafa wa kansa, awon kwan fitila cikin wata shida. Da ya fito ya ce wa jama'a gyaran zai ɗauki shekaru, kuma aikinsa na farko shi ne sauya dokar da ta haifi NEPA, da ba a tafa masa sosai ba a ranar, amma da maganarsa ta tsaya.

Man da ke cikin teku na wa ne?

Babban tasirin Ige a harkar makamashi ya zo ne bayan ya bar ma'aikatar wuta. Tsarin mulkin 1999 ya ce a ba kowace jiha aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin albarkatun da aka haƙo a ƙasarta. Sai tambaya ta taso: man da ake haƙowa a cikin teku fa, a ƙasar wace jiha yake? Jihohin gaɓar teku suka ce nasu ne. Gwamnatin tarayya ta ce na tarayya ne. Gardamar ta yi zafi, ana ta kiraye-kirayen kowane yanki ya mallaki arzikinsa.

A farkon 2001, a matsayinsa na Antoni Janar, Ige ya kai maganar gaban Kotun Ƙoli, ya haɗa dukkan jihohi 36 a cikin ƙarar, ya nemi kotu ta fayyace inda iyakar jihohin gaɓa takwas ta tsaya ta ɓangaren teku. An zage shi sosai a yankin Neja Delta, ana cewa magana ce ta siyasa da ya kamata a sasanta a tebur. Amma a ganina a nan ya yi abin da ya dace da shi. Rigimar da za ta iya komawa kan titi ya mayar da ita gaban alƙalai.

A ranar 5 ga Afrilun 2002 kotu ta yanke hukunci cewa iyakar jiha tana tsayawa ne a bakin ruwa, inda teku ke janyewa, abin da ke gaba kuma na tarayya ne. Jihar Akwa Ibom, wadda kusan duk manta a teku yake, ta fi kowa jin jiki. Daga baya siyasa ta shigo: a 2004 aka yi dokar da ta ce man da ke cikin ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba za a lissafa shi cikin kason jihohin gaɓa. Jihohin Arewa da wasu na Kudu maso Yamma suka ƙalubalanci dokar a Kotun Ƙoli, ba su yi nasara ba. Duk wata, idan aka zauna rabon kuɗi a Abuja, abin da ke zuwa Kano ko Sakkwato ko Yobe yana ɗauke da sawun wannan shari'a da dokar da ta biyo bayanta.

Bodija

Ige bai ga hukuncin ba. A daren 23 ga Disamban 2001 'yan bindiga suka shiga gidansa da ke unguwar Bodija a Ibadan suka harbe shi, yana da shekara 71, a daidai lokacin da rikicin siyasa ya yi tsanani a jiharsa ta Osun. Makonni kaɗan kafin nan aka zaɓe shi cikin hukumar dokokin ƙasa da ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An gurfanar da mutane da dama, kotu ta sallame su duka. Ministan shari'a mai ci aka kashe a cikin ɗakinsa, kuma har yau ba wanda aka hukunta. Abin kunya ne ga ƙasa, kuma bai kamata a daina faɗa ba.

Aikin dokar da ma'aikatar wuta ke buƙata wasu ne suka ƙarasa shi. A 2001 gwamnati ta amince da sabuwar manufar lantarki, a 2005 aka sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen NEPA, ta kafa hukumar NERC mai sa ido, ta kuma share hanyar tsaga hukumar gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na manyan layuka 1, na rabawa 11. A ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa, ciki har da na Kano da Jos da Yola. A babi na gaba za mu duba su wa suka saya, da wane kuɗi suka saya, da dalilin da ya sa mai shago a Sabon Gari har yanzu yake biyan kuɗin wuta biyu, na kamfani da na man janareta.